Keken Nan Shekarunsa Nawa?

Kowane keke na ƙwarai yana da lamba a jikinsa, amma sai wanda ya durƙusa yake ganinta. Maƙeran Ingila ba su buga ta inda ido zai faɗa mata ba. Wata tana can gindin firam, ƙarƙashin inda sandar feda ta ratsa, sai an kwantar da keken ko an birkice shi ƙafafu sama. Wata tana wuyan bututun da sirdi yake shiga, wata kuma tana baya, dab da inda noti ya riƙe ƙafar baya. A jikin tsofaffin kekunan da har gobe suke kai da komowa tsakanin Gusau da ƙauyukanta, lambar ta daɗe da nutsewa ƙarƙashin baƙin mai da jar ƙasa da fenti hawa-hawa. Sau da yawa mai keken ma bai san da zamanta ba. Harafi ɗaya ne ko biyu, sai jerin alƙaluma, babu suna, babu kwanan wata a fili. Duk da haka tana da magana, kuma amsar da take bayarwa ta danganta da tambayar da aka zo mata da ita.

Mutanen ƙasar nan sun fara zuwa mata da tambaya ɗaya tak: keken nan na wa ne?

Layin dogo ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe, ya shigo Gusau, ya dangana da Ƙauran Namoda a 1929. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin UAC, wanda ya zama babban dillalin kekunan Raleigh a Afirka ta Yamma. Jirgin ƙasa ya mai da Gusau matattarar auduga da gyaɗa. Ga injin gurzar auduga na BCGA, ga kantunan Turawa irin su John Holt da GBO, ga Kwarori, ga Yarabawa 'yan tireda da suka cika Sabon Gari. Taragan da suka tafi da dilolin auduga da buhunan gyaɗa ba su dawo wofi ba. Sukan dawo da gishiri da yadi da kwanon rufi, da kuma kekuna a warware cikin akwatunan katako, a nan ake haɗa su. Kuɗin auduga da hunturu yake shigowa hannu, don haka lokacin ne manomin da Allah ya yi wa buɗi yake shiga kanti ya fito yana tura baƙin ƙarfe mai walƙiya. Kafin shi, malaman En'e ne suka fi hawa: malamin makaranta, malamin daji, malamin asibiti, masinja. A shekarun da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna Gusau yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato, daga 1938, keke babbar dukiya ne, irin wadda ake lissafawa a rabon gado.

Abin da ya kai wannan daraja kuwa dole a yi masa shaida. Akawun kanti yakan rubuta lambar firam a rasit, mai saye ya naɗe takardar ya adana a adaka tare da takardun haraji. Hukuma kuma tana karɓar kuɗin lasin keke, ta ba da ɗan ƙarfe mai tata lambar a maƙala. Wannan al'ada ta yi tsawon rai a takarda, domin har a tsarin mulkin 1999 yi wa kekuna lasin yana cikin ayyukan da aka lissafa wa ƙananan hukumomi, jere da kwalekwale da amalanke.

Amfanin lambar yakan fito ranar da aka yi sata. Mutum biyu sun tsaya gaban alƙali, kowa yana cewa nasa ne, ƙa'ida kuwa mai da'awa shi ke kawo shaida. Karcen da ke jikin madigadi, da muryar ƙararrawa, da facin da ke sirdi, duk wanda keken ya kwana biyu a hannunsa zai iya lissafa su. Lambar da ke gindi kuwa sai mai takarda. Shi ya sa ɓarawon da ya san aikinsa yake fara neman magagari ya goge ta. To amma gogewar ma tana tona asiri, domin babu mai goge lambar kekensa na halal. Akwai kuma wani abin da ɓarayi kaɗan ne suka sani. Lokacin da aka buga lamba da ƙarfi, ƙarfen da ke ƙarƙashin kowane alƙalami yakan danne ya canza ɗabi'a har can ciki. Masu binciken laifuka sukan goge wurin ya yi sumul, su shafa masa ruwan asid, sai wurin da aka danne ya ci daban da na kewaye, alƙaluman su sake bayyana na ɗan lokaci har a ɗauki hotonsu.

Yau kuma a Ingila da Amurka da Holan akwai mutanen da suke zuwa wa wannan lamba da wata tambaya daban: keken nan na yaushe ne? Su masu tara tsofaffin kekuna ne, suna gyara su, suna saye da sayarwa, kuma a wajensu bambancin shekara biyar yana iya ninka farashi. Ina ganin ya kamata mu koyi karatunsu, domin yana da amfani a gare mu fiye da yadda yake da shi a gare su. Su suna neman shekarar ƙarfe ne don ado da ciniki. Mu kuwa a jikin ƙarfen nan akwai tarihin kuɗin auduga, da na albashi, da na hanyoyin da aka bi kafin kwalta.

Raleigh ya samo sunansa daga wani titi a birnin Nottingham, inda wasu 'yan maƙera suka fara haɗa kekuna a tsakiyar shekarun 1880. Wani attajiri mai suna Frank Bowden ya saye wurin, ya kafa kamfani a 1888, kuma zalɓen da ke goshin keken daga tambarin gidansu aka ɗauko shi. Kamfanin ya riƙa buga lamba ne don lissafin kansa, ya san yawan abin da ya ƙera, ya kuma san wanda aka dawo masa da shi da ƙorafi. Bai yi tunanin jikokin mai saye za su zo neman shekara ba. Saboda haka tsofaffin lambobin ba su faɗin shekara kai tsaye. Jerin alƙaluma ne da harafi a ƙarshe, sai an gwada su da wani jadawali. A jadawalin da aka fi amfani da shi, masu ƙarewa da P sun faɗa a ƙarshen shekarun 1940, masu ƙarewa da T kuma a shekarun 1950. Inda kundin kamfani ya yi giɓi, masu sha'awa ne suka cike da kansu: wannan ya kawo kekensa da rasit mai kwanan wata, wancan ya kawo nasa, aka jera lambobin har hanya ta fito. Abin lura a nan shi ne ko a can ma lambar ba ta iya magana ita kaɗai ba, sai da aka haɗa ta da takardun mutane da abin da suka tuna.

Daga 1974 kamfanin ya tsaya a kan tsari guda wanda ya fi sauƙin karantawa. Haruffa biyu ne, sai alƙaluma bakwai. Harafin farko yana nuna masana'antar da aka ƙera firam ɗin: N na Nottingham, W na Worksop inda ake yin kekunan tsere a lokacin, D na Dublin. Harafi na biyu yana nuna wane yanki ne na shekara. Alƙalamin farko shi ne ƙarshen shekarar, sauran shidan kuma lissafin jere ne. A ce ka goge ka ga NH5 sannan alƙaluma shida. Ka san an ƙera shi a Nottingham, ka san kuma shekarar ta ƙare da 5. Wace 5 ke nan, ta 1975 ko ta 1985? Nan lambar ta yi shiru. Wanda ya tsara ta ya ɗauka shekara goma ta isa keke ya gama zamaninsa, ko kuwa aƙalla kamfani ya gama damuwa da shi. Bai san hannun da keken zai faɗa ba.

Masu tarawa suna da dabarar warware wannan. Kekuna masu giya uku suna ɗauke da cibiyar ƙafar baya ta kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya fara aiki tun 1902, kuma a jikin cibiyar ana buga shekara da wata a fili. Idan ka ga 75 da 6, Yunin 1975 ke nan, babu gardama. Sai dai wannan dabara ba ta cika yi mana aiki ba. Keken da ya mamaye ƙasar Zamfara shi ne dogon nan mai ƙafa inci 28, mai birkin sanda, mai giya ɗaya, wani da sanda biyu a tsakiya don ɗaukar kaya. Ba shi da wannan cibiya. Ko da yana da ita ma, wa zai rantse ƙafar bayan da ke jikinsa yau ita ce ya fito da ita daga akwati?

A nan ne tambayar shekaru take rarrabuwa. Idan aka nuna wani tsohon keke a Bungudu aka ce shekarunsa nawa, shekarun me ake nufi? Tayoyinsa na bara ne. Sarƙar ta huɗu ce ko ta biyar. Sirdin fata ya daɗe da mutuwa, an sa na roba an naɗe shi da tsumma. Kariyar da ke baya maƙerin gari ne ya yi ta da rodi, domin ta kamfani ba ta ɗaukar buhun masara. Feda ɗaya ta Indiya ce, ɗayar kuma katako aka feƙe aka zura. Akwai tabon walda a wuya, inda ya taɓa karyewa da lodi a kan hanyar Gusau mai tazarar kimanin kilomita 20. Mai tara kekuna na Turai zai kalli wannan ya ce an lalata shi, domin shi abin da yake daraja shi ne keken da ba a taɓa ba, mai fentin kamfani da notin kamfani. Ni ban yarda da wannan ma'auni ba. Keken da ya shekara hamsin a rataye a ɗaki labarin masana'anta kaɗai yake da shi. Wannan na Bungudu yana da labarin masana'anta a gindinsa, yana kuma da labarin duk maƙerin da ya taɓa shi da duk lodin da ya ɗauka. Amma idan dole sai an zaɓi gaɓa ɗaya a ce ita ce keken, to firam ne, kuma a kan haka akawu da alƙali da mai gyara duk suka haɗu. Muddin firam yana nan, mutane sukan ce keken wane ne, ko da komai na jikinsa ya canza.

Tambarin goshi ma ba kullum yake faɗin gaskiya duka ba. Mu mutane ne masu kiran kaya da hoton da ke jikinsu, kamar yadda har yau ake cewa batir mai kan damisa, don haka wanda bai yi boko ba ya iya rarrabe kekuna sarai: zalɓe na Raleigh, zaki na Phillips, tafin hannu na Rudge, bindigogi uku na BSA. Sai dai a can Ingila kamfanonin sun yi ta haɗiye juna. Raleigh ya saye Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekunan BSA a 1957. A 1960 shi kansa ya shiga ƙarƙashin Tube Investments, wanda dama shi ke da Hercules da Phillips na Birmingham, aka kuma mai da yawancin ƙirar Nottingham. Daga nan sai ka ga keke da zaki a goshi alhali gidan zalɓe ne ya ƙera shi. Mutum biyu suna iya yin musu a bakin kasuwa kan wanda ya fi ƙarko tsakanin Rali da Phillips, ba su san firam ɗinsu daga layi ɗaya ya fito ba.

A shekarun 1970 aka buɗe masana'antar Raleigh a Kano, keke ya zama ɗan gida. Sannan ga Phoenix daga Shanghai, wanda muke kira Fonis, ga Hero da Avon daga Ludhiana ta Indiya, dukansu a kan siffar keken Ingila, tsawo ɗaya, birki iri ɗaya, baƙin fenti da zanen ruwan zinari. Kowane yana da nasa lissafin, kuma ƙa'idar Nottingham ba ta karanta su. A kasuwa kuma ana sayar da tambari da takardun liƙawa, duk wanda ya so zai iya sa wa firam ɗin Indiya zalɓe ya kai shi wajen dillali.

Mai gyaran da ya tsufa a sana'a ba a yi masa wannan. Dillalin shanu a kara ba ya tambayar shekarun sa, baki yake buɗewa ya duba haƙora. Haka mai gyara yake yi da keke. Raleigh ya yanke haƙoran da ake murɗa kofin boris a kansu a gindin firam da nasa awo, 26 a kowane inci, alhali sauran kamfanonin Ingila da masu kwaikwayonsu 24 suke yi. Mai gyara ba lallai ya san waɗannan alƙaluma ba, amma yatsunsa sun sani: ya ɗauko kofin boris na wani keke ya murɗa a gindin firam, ya shiga zagaye biyu ya cije, sai ya ce wannan Rali ne na asali. Zai duba kafaɗar da ta riƙe ƙafar gaba, domin ta Raleigh bututu ce a kwance, da ɗan murfi mai lotsawa a kowane gefe. Zai duba farantin sarƙa ya ga ko an huda siffar zalɓe a jikinsa, ko tafin hannu idan Rudge ne. Zai karanta ƙasan tambari ya ga ko an rubuta Nottingham da Ingila, domin a kan wasu da aka ƙera a wasu ƙasashe ba a sa waɗannan kalmomi. Zai ɗaga shi da hannu ɗaya ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa sanda da sifana ya saurara. Wannan ilimi ne cikakke, kuma yana bakin rumfunan faci na Tudun Wada da Sabon Gari, a hannun mutanen da ba wanda ya taɓa zama ya rubuta abin da suka sani.

Amma mai gyara asali yake faɗa, ba ya yanke shekara. Shekara tana bakin mai keke.

Ka gaishe da dattijo a Tsafe, ka ce masa, "Baba, keken ga ya yi shekara nawa a hannunka?" Da wuya ya ba ka alƙalami. Abin da za ka ji shi ne irin su, "Wanga keke, ɗana, shekarad da anka yi canjin hannu nis saye shi." Wanda bai saba ba zai ɗauka an kauce wa tambaya. Alhali an ba shi amsar da ta fi ta kamfani kaifi, domin ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma duk mai keke a lokacin ya tuna yadda ya koyi sabon gefen hanya. Ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙirga shekaru da abin da ya faru a cikinsu. Yunwar 1914 sunanta Kakalaba. Ta 1942 kuwa, mutanen ƙasar Katsina suka sa mata 'Yar Gusau, da sunan garin da aka riƙa nufa neman hatsi. Shekarun da keke ya fi yawa a ƙasar nan kuma cike suke da irin waɗannan turaku: canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu 1973, farin da aka yi a shekarar, kuɗin Udoji da suka shigo hannun ma'aikata a farkon 1975, cutar da ta kashe gyaɗa a daminar 1975, kisan Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, buɗe makarantun UPE a Satumbar wannan shekarar. Na baya-baya kuma suna da ranar da aka raba Zamfara da Sakkwato, 1 ga Oktoba 1996, da husufin ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da rana ta rufe ruf a Gusau da hantsi.

Yanzu a dawo wa NH5 ɗin nan da ta yi shiru. Idan mai keken tsohon ma'aikacin masaƙar Gusau ne ko malamin firamare, ya ce da kuɗin Udoji ya saye shi sabo dal, magana ta ƙare, 1975 ce. Abin da lamba ta kasa faɗa, baki ya cika.

Baki ma yana da nasa giɓin, kuma a nan lamba take rama masa. Dattijo ya ce shekarar canjin kuɗi. Wane canjin? An yi na 1973, an yi na Afrilun 1984 lokacin da gwamnatin Buhari ta canza launin takardun naira. Kana iya tambayarsa nawa ya saya, ka ji ko da fam zai faɗa, amma wannan ma tarko ne, domin tsofaffi sun ci gaba da kiran naira biyu fam, naira 200 kuma jaka, shekaru da yawa bayan fam ya tafi. To a ce ka duba gindin firam ka ga haruffa biyu sannan 4. Lamba ta ce 1974 ko 1984. Baki ya ce 1973 ko 1984. Keken da aka ƙera a 1974 ba a saye shi a 1973 ba, saboda haka cinikin na 1984 ne. Saura tambaya ɗaya: "Baba, sabo ka saye shi ko na hannu?" Idan sabo ne, ƙira da ciniki sun haɗu a shekara ɗaya. Idan na hannu ne, yana yiwuwa keken ya riga ya yi shekara goma a wani gida, sai ka tashi neman wancan gidan. Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk sha'anin. Shaidu biyu ne, kowanne rabin magana gare shi, ɗaya daga Nottingham ɗaya daga Tsafe, ba su taɓa sanin juna ba, amma idan aka zaunar da su wuri ɗaya sai su fitar da shekara guda.

Ko an samu daidaito, a bar ɗan rata. Firam ɗin da aka buga wa lamba a Ingila sai ya shiga akwati, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, ya canza layi zuwa Gusau, ya jira kakar auduga a kanti. Shekara guda tsakanin ƙira da saye ba abin mamaki ba ne.

Sababbin shigowa, wato kekunan gwanjo masu giya da yawa da yara suke hawa zuwa makaranta, su ma suna da nasu rubutun. Kayan Shimano na Japan suna ɗauke da ƙananan haruffa biyu, na farko shekara, na biyu wata. A na nufin 1976, ya zagayo ya sake zama 2002. Su ma dai sai an haɗa da wata shaida.

Abin da ya sa nake ganin maganar tana da gaggawa shi ne shaidun duka biyu suna ƙarewa lokaci ɗaya. An daina ƙera keke a Nottingham a 2002, sunan Raleigh kuma ya koma hannun wani kamfanin Holan a 2012, don haka irin wancan ƙarfe ba za a ƙara yin sa ba. A nan gida babur ya ture keke, kabu-kabu ya cika gari, tsohon Rali ya koma jingine a zaure ko bayan rumbu. Daga nan sai ɗan gwangwan ya zo da sikeli. Sikeli ba ya tambayar na wa ne ko na yaushe ne, kilo yake ƙirgawa, firam ɗin da ya kai marasa lafiya asibiti, ya kai yara makaranta, ya tafi a narke a yi rodi. Mutanen da suka san shekarar canjin hannu da idonsu sun haura sittin, suna raguwa kullum. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bungudu da kewayen Kwatarkwashi ya tashi gidaje da yawa, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar adakar takardu. Rasit da yawa sun salwanta a haka.

A gefe guda kuma keken bai mutu ba. Lokacin da aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai, keke ba ya neman fetur. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wasu sun janyo na iyayensu daga zaure sun kai wa mai gyara. Wannan dama ce. Keken da aka kai rumfa za a birkice shi ko ta yaya, kuma sa'ad da yake ƙafafu sama, lambar tana kallon mai gyara. Roƙona ga masu fenti da masu walda shi ne su riƙa kewaye wurin. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau masu neman abin da za su yi bincike a kai kuwa, ga aiki nan da ba ya buƙatar komai sai littafi da waya da ladabin zama gaban manya. Lambobi ɗari biyu ko uku daga gari ɗaya, kowace da labarin sayenta, za su nuna shekarun da kuɗi suka shigo ƙasar nan da shekarun da suka ɗauke, da lokacin da Kano ta karɓi kasuwa daga Ingila, da lokacin da Sin da Indiya suka karɓa daga Kano.

Aikin kansa ba shi da wuya. A jiƙa wurin da kananzir, a bar shi ya sha, a goge da tsumma da tsohon buroshi. Kada a sa magagari ko takarda mai yashi, domin bugun ba shi da zurfi, kuma alƙalami ɗaya idan ya tafi ya tafi da shekarar. Idan bai fito sosai ba, a shafa alli a share saman, farin zai zauna a cikin ramukan. A haska tocila daga gefe, sannan a ɗauki hoto. A kula da 3 da 8, da 1 da 7, da harafin O da sifiri, domin su suka fi ruɗi. A rubuta inda aka samu lambar a jikin firam, da hoton da ke tambari, da abin da mai gyara ya ce game da haƙoran noti. Sannan a zauna da mai keke a tambaye shi kantin da ya saya, da nawa, da kuɗin me, na auduga ne ko na gyaɗa ko albashi, da wanda ya raka shi, da ko ya taɓa canza firam. Idan maigida ya tsaya tsakanin shekara biyu ya kasa zaɓa, a nemi izini a aika cikin gida a tambayi uwargida. Sau da yawa ita za ta ce tana goyon wane aka shigo da shi, shi kuma wane yana da takardar gama firamare mai kwanan wata.